Hashiyar Da Ke Ɓuya A Shafin Intanet

Duk wanda ya saba zama gaban kwamfuta yana karatu a shafukan intanet, lalle ya sha ganin wani ɗan abu wanda, saboda ƙanƙantarsa da yawan aukuwarsa, ba safai mutum kan tsaya ya tambayi kansa wa ya sa shi a wurin ko yaya aka yi aka ƙera shi ba. Watau idan mai karatu ya ja linzamin kwamfuta har 'yar kibiyar nan da ke yawo a allo ta sauka a kan wata alama ko wata kalma, ya ɗan dakata bai danna kome ba, sai wani ɗan akwati ya ɓullo kusa da ita ɗauke da kalmomi biyu ko uku, ya shaida masa cewa wannan alama ta adana aiki ce, waccan kuwa ta sharewa ce, sa'an nan da zarar ya kawar da kibiyar, akwatin ya ɓace bai bar ko gurbi ba. Masu sana'ar gina shafuka tultif suke ce masa, mu kuwa za mu riƙa kiransa ɗan bayani; kuma ko da yake a ido ba a bakin kome yake ba, an shafe shekaru fiye da talatin ana kai da komowa a kan yadda ya kamata a yi shi, har yau kuwa da yawa daga cikin waɗanda muke gani ba a yi su bisa ƙa'ida ba.

Wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin fiƙihu na rubutun hannu, irin waɗanda gidajen malamai na Kano da Katsina da Barno suka gada, ya san cewa a takarda ɗaya akan sami rubutu iri biyu. Akwai matani, da manyan baƙaƙe, an wawware layukansa da gangan. Akwai kuma hashiya, watau ƙananan rubutu da aka cusa tsakanin layuka da gefen takarda, inda wani malami ko almajirinsa ya warware kalma mai wuya, wani lokaci da Larabci, wani lokaci da ajamin Hausa ko Fulatanci ko tsohon Barbarci. Ladabin wannan aiki sananne ne: matani ya tsaya da ƙafarsa ko da babu hashiya, ita kuwa hashiya taimako ce ga wanda ya yi tuntuɓe, ba a ɗauke hukunci daga cikin matani a kai shi gefe. Ɗan bayanin shafin intanet hashiya ce ta wannan zamani, sai dai ita ta takarda kullum tana nan a fili ga duk mai ido, wannan kuwa a ɓoye take sai an neme ta, kuma daga wannan ɓuya ne amfaninta da illarta duka suka samo asali.

Ba intanet ce ta zo da shi ba. Tun ranar 9 ga Disamba, 1968, da Douglas Engelbart ya nuna linzamin kwamfuta gaban taron masana a birnin San Faransisko na Amurka, hanya ta buɗe ga mutum ya nuna abu a allo ba tare da ya rubuta sunansa ba. Bayan haka masu ƙera manhajoji suka riƙa musanya kalmomi da ƙananan hotuna, domin hoto ba ya cin wuri, har aka wayi gari saman allo ya cika da jerin alamomi, ga almakashi, ga faifai, ga tabarau, waɗanda mai zana su ya san ma'anarsu sarai, baƙo kuwa sai dai ya yi ta kirdado. A 1991 kamfanin Apple ya fito da tsarinsa mai suna System 7 tare da wani taimako wanda, idan aka kunna shi, duk abin da kibiya ta taɓa sai bayani ya fito a kansa; amma da yake ba ya zaɓe, kuma jimlolinsa dogaye ne, sai ya zama mai yawan surutu, mutane da yawa suka gwammace su bar shi a kashe. Kamfanin Microsoft ne ya rage masa baki, ya mai da shi ɗan akwati ruwan ɗorawa mai layi ɗaya, wanda ba ya fitowa sai kibiya ta tsaya cik na ɗan lokaci, kuma wannan siffa ce ta bazu a duniya tare da Windows 95.

A daidai wannan zamani ne shafukan intanet ke tasowa. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba, ya gabatar da shawararsa a 1989, ya kuma samar da harshen HTML wanda da shi ake faɗin abin da ke cikin shafi, cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wancan mahaɗi ne zuwa wani shafi. A 1994, a wannan cibiya dai, Hakon Wium Lie ɗan ƙasar Norwe ya kawo shawarar harshe na biyu, CSS, wanda aikinsa fasali ne da launi da matsayi, Bert Bos ɗan ƙasar Holan ya haɗa hannu da shi, aka tabbatar da sigar farko a Disamba 1996. A 1995 kuma Brendan Eich na kamfanin Netscape ya rubuta harshe na uku, JavaScript, wanda da shi ake ba shafi umurni ya saurara, ya auna, ya yanke shawara. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da hanyarsa ta fito da ɗan bayani, kuma saɓanin da ke tsakanin masu sana'ar yawancinsa a kan wannan mas'ala ce: wace hanya ta isa, a wane hali.

Mafi sauƙi ita ce ta HTML tsagwaronsa. A ce ɗan jarida ya rubuta ECOWAS a cikin labari, yana kuma so wanda bai sani ba ya gane cewa ƙungiyar raya tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma ake nufi. Abin da zai yi kawai shi ne ya liƙa wa kalmar wata sifa mai suna title, ya rubuta cikakken sunan a cikinta, shi ke nan, sauran aikin na burauza ne, watau manhajar da ake buɗe shafuka da ita. Sigar HTML ta huɗu, wadda ta fito a Disamba 1997, ta halatta a sa wannan sifa a kan kusan kowane abu da ke cikin shafi. Amma fa sauƙin nan yana da farashi, domin maginin shafi ba shi da ta cewa a kan launin akwatin, ko girman rubutunsa, ko tsawon jiran da za a yi kafin ya fito. Mai raunin gani ba ya samun yadda zai ƙara masa girma tare da sauran shafin, wanda ke aiki da madannai ba linzami ba a yawancin burauzoji ba ya ganinsa ko kaɗan, har ta kai ga ita kanta ƙa'idar HTML ta yau tana gargaɗin kada a dogara da shi. Akwai ma wani ruɗani da ya daɗe: tsohuwar burauzar Internet Explorer ta riƙa nuna wata sifa dabam, mai suna alt, a matsayin ɗan bayani, alhali an yi ta ne domin ta tsaya a madadin hoto ga makaho ko ga wanda hoton bai buɗe masa ba, magina suka saba da wannan kuskure har suka ɗauke shi sunna, suna cika gurbin makafi da barkwanci da talla, ba a daina ba sai da siga ta takwas ta fito a 2009. Wani abin dariya kuma, a 2002 aka kai ƙara ga masu burauzar Mozilla cewa ɗan bayani yakan maƙale a allo ya ƙi tafiya idan mutum ya koma wata manhaja ya bar kibiya a inda take, ƙarar nan ta zauna shekara ashirin da ɗoriya ana ta tofa albarkacin baki a kanta, sai a 2023 wani ɗalibi a jami'ar Stanford ya gyara matsalar a burauzarsu Firefox da 'yan layuka kaɗan.

Da magina suka ga ba su da iko a kan wannan akwati, sai suka ce bari su gina nasu, kuma siga ta biyu ta CSS, ta watan Mayu 1998, ita ta ba su kayan aikin. A cikinta aka shigo da wani sharaɗi mai suna hover, wanda ma'anarsa ita ce hukunci kaza ba ya aiki a kan abu kaza sai lokacin da kibiya ke kansa. Ko da yake an daɗe ana shan wahala, domin Internet Explorer, wadda a lokacin ita ce a hannun mafi yawan jama'a, ba ta yarda da sharaɗin ba sai a kan mahaɗi kaɗai, har zuwa siga ta bakwai a 2006, saboda haka tsofaffin shafuka suke cike da mahaɗan ƙarya waɗanda ba sa kai mutum ko'ina, an yi su ne don kawai bayani ya ɓullo.

Ya kamata mu tsaya mu duba wannan gini a tsanake, domin hikimarsa ba ta wuce fahimtar kowa ba. Magini yakan sa kalmar a cikin wani ƙunshi, ya rubuta bayanin a cikin ƙaramin ƙunshi, ya cusa ƙaramin a cikin babban. Sa'an nan ya yanke wa ƙaramin hukuncin da ake kira absolute, watau a cire shi daga sahun rubutu, kada ya ture maƙwabtansa idan ya bayyana; ya yanke wa babban hukuncin relative, watau daga jikinsa ne ƙaramin zai riƙa auna inda zai tsaya. Idan aka manta da wannan hukunci na biyu, kuma shi ne mantuwar da kusan kowane ɗan koyo ke yi, sai bayanin ya rasa madogara ya tafi can wata kusurwar shafi, nesa da kalmar da aka yi shi dominta. Bayan haka sai a ɗaga shi har gindinsa ya zauna a kan kalmar, a tura gefensa na hagu zuwa tsakiyarta, sa'an nan a janyo shi baya da rabin faɗin kansa, ta haka tsakiyarsa ta dace da tsakiyarta ko bayanin gajere ne ko dogo. Ɗan tsinin nan kuwa da ke ƙasan akwatin yana nuna kalmar, wanda mutum zai zaci hoto ne aka zana, dabara ce kawai: akan yi wani akwati marar tsawo marar faɗi, a ba shi iyakoki huɗu masu kauri, kuma da yake iyakoki a karkace suke haɗuwa a kusurwa, idan aka mai da uku garai-garai ba launi, ta huɗun sai ta rage a siffar dala mai kusurwa uku. Daga nan sai umurni biyu: a ɓoye ƙaramin ƙunshi a kowane hali, a bayyana shi idan kibiya tana kan babba.

Ɓoyewar ma tana da fiƙihunta. Wanda ke son bayanin ya fito a hankali, ba farat ɗaya ba, yakan dusashe shi ne har ya zama ba a ganinsa, sa'an nan ya sa haskensa ya dawo sannu-sannu. To, amma abin da aka dusashe yana nan a wurinsa, ido ne kawai ba ya ganinsa, kibiya kuwa tana jinsa, kuma tun da a cikin babban ƙunshi yake, taɓa shi daidai yake da taɓa kalmar. Sakamakon haka mai karatu yana wucewa da kibiya ta wurin da ba kome, sai ya ga bayani ya faɗo masa ba gaira ba dalili. Maganin shi ne a haɗa dusashewa da hukuncin ɓoyewa na haƙiƙa. Haka nan jinkiri: idan babu shi, duk wanda ya ja kibiya daga wannan gefe zuwa wancan sai akwatuna su yi ta walƙiya a hanyarsa, idan ya yi yawa, mai nema ya gaji ya tafi. Gwanaye sukan tsaya a wajen sulusi zuwa rabin sakan kafin fitowa, domin wannan ɗan jira shi ke bambance mai wucewa da mai tambaya.

Akwai wata gajeriyar hanya da magina ke ƙauna, inda ba a yin ƙaramin ƙunshi ma sam, sai a ajiye bayanin a wata sifa a jikin kalmar, a umurci CSS ya ɗebo shi ya zana. Tana da tsabta a idon mai rubutu, amma ni ban cika yaba ta ba, saboda rubutun da aka samar ta haka ba ya kwafuwa, manhajojin da ke karanta wa makafi ba su yi ittifaƙi a kansa ba, masu fassara shafi kai tsaye kuma sukan tsallake shi, sai ka ga an juya shafi duka zuwa Hausa, ɗan bayanin kaɗai ya rage da Turanci, alhali shi ne aka sa domin wanda bai gane ba.

Iyakar CSS ta tsohon yayi tana bayyana ne a bakin allo. Umurnin da aka ba akwatin shi ne ya tsaya a saman kalmar, shi kuwa ba ya tambaya ko akwai wuri a saman; idan kalmar ta zo a layin farko na allo, bayanin sai ya fita waje, idan ta zo a ƙarshen dama, rabinsa ya yanke. Wani lokaci kuma kalmar tana cikin wani yanki ne da aka hukunta cewa duk abin da ya tsallake iyakarsa a datse shi, sai a datse bayanin tare. A nan ne ake kiran JavaScript, domin shi yana iya abin da CSS na wancan lokaci bai iya ba, watau ya duba hali kafin ya zartar. Ana sa shi ya saurari shigowar kibiya da fitarta; idan ta shigo, ya tambayi burauza ina kalmar take a allo a wannan lokaci, nawa ne nisanta daga sama da hagu, nawa ne faɗin akwatin da tsayinsa, sa'an nan ya yi lissafi: in sama ba ta isa ba ya juyar da akwatin ƙasa, in zai fita ta dama ya zame da shi hagu gwargwadon abin da ya yi saura, ya kuma matsar da ɗan tsinin domin ya ci gaba da nuna kalmar, kada ya koma nuna maƙwabciyarta. Don gudun datsewa kuma akan ɗauke akwatin daga cikin ƙunshin a kai shi can ƙarshen shafi inda babu mai iko da shi; sai dai an gudu ba a tsira ba, domin yanzu ya rabu da kalmarsa, duk sa'ad da mai karatu ya gangara da shafi ko ya canza girman taga, tilas a sake lissafin daga farko.

Saboda yawan waɗannan rassa ne mafi yawan magina ba sa rubuta lissafin da kansu, sukan ɗauko wanda wasu suka riga suka rubuta suka bayar kyauta. Tarin kayan gini mai suna Bootstrap, wanda ya fito daga kamfanin Twitter a 2011, yana da nasa ɗan bayani. A 2016 wani ɗan Italiya, Federico Zivolo, ya fitar da Popper, wanda ba shi da wani aiki sai sanin inda akwati zai tsaya, daga baya kuma Floating UI ya gaje shi. Aron yana da kyau, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kowane ƙarin kaya nauyi ne da mai karatu zai sauke da kuɗin datarsa, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa tulin umurni saboda akwati uku. Na biyu ya fi haɗari: idan rubutun da za a nuna daga hannun baƙi ya fito, misali sunan da wani ya shigar da kansa, aka kuma zuba shi cikin shafi ba a tace ba, mugu yana iya ɓoye umurni a cikin sunan, burauzar wani bawan Allah ta zartar da shi. Ba zato ba ne wannan, domin a farkon 2019 sai da masu Bootstrap suka fitar da gyara na musamman suka ƙara matata a kan ɗan bayaninsu saboda irin wannan ɓaraka. A 'yan shekarun nan dai burauzoji sun fara karɓar nauyin da kansu: a 2023 Chrome ta shigo da hanyar ɗaga akwati sama da kome a shafi yadda ba mai datse shi, a 2024 kuma ta ƙara hanyar ɗaure shi da kalmarsa ta CSS kaɗai, har da juyawa idan wuri ya ƙure.

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu a kan mutum ɗaya aka gina shi, mai lafiyar ido, mai lafiyar hannu, wanda ke zaune gaban tebur da linzami; ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwai wanda hannunsa ke rawa ko ya shanye, da madannin Tab yake tsallakawa daga mahaɗi zuwa mahaɗi, kibiya ba ta cikin lissafinsa. Domin shi wajibi ne duk abin da ke fitowa da saukar kibiya ya fito kuma idan zaɓin madannai ya sauka a wurin, wannan kuwa ƙarin kalma ɗaya ce a cikin umurnin, amma sau da yawa ba a ƙara ta. Akwai makaho wanda manhaja ke karanta masa allo da murya, ita kuwa ba ta san cewa akwatin can sharhin maɓallin nan ba ne sai an gaya mata, shi ya sa aka tanadi wasu sifofi da ake kira ARIA, ɗaya ta ce wannan ɗan bayani ne, ɗaya ta ƙulla shi da abin da yake bayyanawa, domin a karanta su tare. Akwai kuma mai raunin gani wanda ya ƙara girman allo ninki huɗu ko fiye, yana ganin ɗan yanki kaɗan a lokaci guda: bayani ya fito, rabinsa yana wajen abin da yake gani, ya ja kibiya domin ya bi shi ya karanta, da barinta kan kalmar sai bayanin ya ɓace, ya dawo, ya sake fitowa, ya sake bi, ya sake ɓacewa. Domin irin wannan mutum ne hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta sa sharuɗɗa uku a cikin ƙa'idarta ta sauƙaƙa wa naƙasassu, siga ta 2.1, a watan Yuni 2018: a iya korar bayanin ba tare da motsa kibiya ba, galibi da madannin Esc, saboda yana iya rufe abin da ake karantawa, a iya hawa kansa da kibiya bai gudu ba, kada kuma ya ɓace don kansa tun mai karatu bai gama ba. Sharaɗi na biyun nan ɗan ƙaramin abu ne ke karya shi, watau 'yar tazarar ado da ake bari tsakanin kalma da akwati, wadda idan kibiya ta faɗa cikinta sai a ɗauka ta tafi. Gwani yakan shimfiɗa gada marar launi a kan tazarar, ko ya jinkirta ɓacewar da ɗan lokaci.

Sai babbar mas'ala, wadda ta fi shafarmu. Tun da iPhone ta fito a 2007, wayoyin shafawa suka mamaye duniya, an sami allo wanda ba shi da kibiya ko kaɗan. Yatsa ko dai ya taɓa ko bai taɓa ba, babu wani matsayi tsakani da za a ce yana shawagi a kan kalma. Burauzojin waya sun yi ƙoƙarin yin sulhu, suna ɗaukar taɓawa a matsayin saukar kibiya, amma sulhun ya haifi nasa rikici, domin wani lokaci akwatin yakan fito ya ƙi tafiya sai an taɓa wani wuri, wani lokaci kuma mahaɗi yakan buƙaci taɓawa biyu, ta farko ta fito da bayani, ta biyu ta buɗe. Jama'armu kuwa, daga Kano zuwa Damagaram zuwa zangon Kumasi, mafi yawansu da waya suka fara shiga intanet, da ita kuma suke shiga har gobe, ga su nan ba su taɓa ganin hashiyar da aka ɓoye musu ba, ba su ma san akwai ta ba.

A ɗauka wata yarinya ce ke cike takardar neman tallafin karatu a wayarta. Ta zo gurbin ranar haihuwa, an haife ta ran 3 ga Afrilu, ta rubuta uku sa'an nan huɗu kamar yadda aka koya mata a makaranta. Wanda ya gina shafin kuwa tsarin Amurka ya bi, inda wata ke gabatar rana, kuma bai yi sakaci ba a ganinsa, domin ya rubuta gargaɗin haka a cikin ɗan bayani mai kyau, da tsininsa da inuwarsa, wanda ke fitowa idan kibiya ta sauka a kan wata 'yar alamar tambaya. Shafin ya karɓa bai yi gardama ba, tun da huɗu ga Maris ma rana ce. Sai ranar tantancewa a ga takardarta ta saɓa da shaidar haihuwarta. A nan ba lissafi ne ya kuskure ba, ba kuma fasali ba. Hukunci ne aka ɗauke daga matani aka kai hashiya. Tsarin kwanan wata, da sharuɗɗan kalmar sirri, da kuɗin da za a cire, da dalilin da ya sa aka ƙi karɓar abin da mutum ya shigar, duk waɗannan a rubuta su a fili ƙarƙashin gurbinsu. Abin da ya halatta a ɓoye shi ne wanda rashinsa ba ya cutarwa, kamar sunan alamar da aka riga aka saba da ita, ko cikakken lokacin da aka aiko saƙo, ko adadin da ke bayan wani ɗigo a jadawali. Wikipedia ta ba da misali mai kyau da ta shigo da ɗan leƙen shafi a sashenta na Turanci a 2018, inda saukar kibiya a kan mahaɗi ke nuna farkon maƙalar da hotonta; mai waya bai yi asarar kome ba, domin mahaɗin yana nan, ya taɓa ya shiga. Inda kuma bayani ya yi tsawo har ba zai zauna a fili ba, to, a yi masa maɓalli na sosai, mai girman da yatsa zai samu, a taɓa ya buɗe, a sake taɓawa ya rufe. CSS ma yana da hanyar tambayar na'ura ko tana da kibiya ko babu, domin a ba kowa abin da ya dace da shi.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da makaranta ko asibiti ko kanti, ka ba wani aikin gina maka shafi, ranar da ya kawo kada ka tsaya ga abin da zai nuna maka a kwamfutarsa. Ka ture linzamin gefe, ka bi shafin da madannin Tab daga sama har ƙasa, ka ga ko kowane bayani yana fitowa, ko kuma Esc yana korarsa. Sa'an nan ka buɗe shi a wayarka, ka cike kowane gurbi kamar baƙon da bai taɓa ganinsa ba. Duk bayanin da ka gani a kwamfuta ka rasa a waya, in dai mutum zai iya kuskure saboda rashinsa, ka mayar masa da aikin ya fito da shi fili kafin ka biya.